Gardamar Masu Karatu A Kan Littafin Alhaki Kuykuyo Ne, Da Rabon Mutanen Ƙasar Auyo A Cikinta

 

A shekarar 1990, tun Auyo da Haɗejiya da sauran garuruwan bakin kogi suna cikin Jihar Kano, ba a kai ga yanke Jigawa ba sai ran 27 ga Agusta 1991, wata mace a birnin Kano, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ta buga wani ɗan littafin hira mai suna Alhaki Kuykuyo Ne. Ba shi da girman da za a aza shi bisa taskar malami, kuma ba a yi masa bango mai tsada ba. Amma yau shekara talatin da ɗoriya ke nan ba a gama gardama a kansa ba. An yi ta a jaridu, an yi ta a jami'a, an yi ta a rumfunan kasuwa, kuma an fi yin ta a cikin ɗakunan mata inda namiji ba ya jin abin da a ke faɗi. Waɗansu sun ce tonon asiri ne, waɗansu sun ce wa'azi ne. Da ya ke maganar ta shafi aure da ciyarwa da duka da saki, watau abubuwan da a kan kawo gaban malami da alƙali kullum, ya kamata malamai da fatake su san abin da ke cikin littafin, da abin da kowane sashe ya riƙa hujja, da kuma abin da littattafan fiƙihu suka riga suka yanke tun kafin a haifi mai littafin.

Mai littafin da abin da ta rubuta

An haifi Hajiya Balaraba a Kano a 1959. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1975 har aka kashe shi ran 13 ga Fabrairu 1976. Ita da bakinta ta sha ba da labarin cewa an cire ta daga makaranta tana ƙarama, aka yi mata aure tana da shekara 13, auren bai kai shekara biyu ba ya mutu. Daga baya ta koma neman ilmi a ajin manya, har ta iya riƙe alƙalami. Littafinta na fari shi ne Budurwar Zuciya, a 1987. Tana cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, tare da Malam Ado Ahmad Gidan Dabino da Malam Ɗan'azumi Baba.

Labarin Alhaki Kuykuyo Ne ba shi da wuyar riƙewa. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a Kano. Matarsa Rabi ta haifa masa 'ya'ya tara. Yana da wadata, amma abin da ya ke ba ta na cefane ba ya ƙosar da gidan, sai ita ke ƙulle-ƙullen cika tukunya da biyan bukatun yara, shi kuwa yana kashe dukiya a waje. Ana nan sai ya auro wata mace mai zaman kanta, wai ita Delu. Ba a daɗe ba faɗa ya tashi a gidan, ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran, ta tsaya ga karatunsu, har 'yarta Saudatu ta auri wani mawadaci, Alhaji Abubakar. Sa'an nan gobara ta cinye rumfar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, ya wayi gari ba shi da kowa sai matar da ya wulaƙanta. Manya suka taru a kan Rabi da roƙo da matsi har ta koma ɗakinta.

A cikin wannan shekara ta 1990 kuma ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, wanda ya fi na farko zafi. A ciki an cire wata yarinya, Abu, daga makaranta, aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, mutumin da ya haura hamsin, ya karɓe ta da duka da ƙarfi tun daren farko, har ta gudu wurin 'yar'uwar mahaifanta, Hajiya Kumatu, a Kano, ta koma karatu ta zama ma'aikaciyar asibiti. Duk wanda ya ke son fahimtar fushin da aka yi da marubuciyar sai ya haɗa littattafan nan biyu.

Yadda irin waɗannan littattafai suka shiga gidaje

Rubuta ƙagaggen labari da Hausa ba sabon abu ba ne. Tun a 1933 Baturen nan na Zariya, Dokta East, ya sa gasa, aka sami Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a cikinsa ma akwai uwar da ta ƙare rayuwarta tana neman ɗanta. Tun a lokacin waɗansu malamai sun ga rubuta labarin da bai auku ba ba aikin mai ilmi ba ne. Amma littattafan nan maza suka rubuta, Gwamnati ta buga, a makaranta a ke karanta su.

Abin da ya sake bayan 1980, shekarar da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid ya fito, shi ne mata da samari suka shiga bugawa da kuɗinsu, 'yan kasuwa suka shiga sarowa. Fatake masu zuwa Kano sarin yadi da takalma da littattafan addini su kan haɗo da ƴan ɗaurin littattafan hira, su biyo hanyar Ringim da Gujungu zuwa kasuwannin ƙasar Haɗejiya. Kwafi ɗaya ya kan zaga gida goma. Ƙawa ta ara wa ƙawa, amarya ta ara wa uwargida in suna shiri, yarinya mai boko ta karanta wa uwarta da kakarta bayan an sauke tukunyar dare. Waɗansu kuma suka buɗe haya, a ba da 'yan kuɗi a ɗauka a dawo da shi. Gidajen rediyo suka riƙa karanta waɗansu. Ta haka labarin cikin gida ya koma cikin gida, ya sami matan da ba su taɓa taka makaranta ba. A 1998 aka mai da Alhaki majigi na bidiyo, a 2012 kuma wani kamfani a birnin Cennai na ƙasar Indiya ya buga shi da Turanci, fassarar Malam Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero, har mutanen waɗansu ƙasashe suka shiga gardamar. Yanzu kuwa a wayar hannu 'yan mata su ke karanta irinsa.

Hujjar masu suka

Masu suka ba ƙananan mutane ba ne, kuma ba duk maganarsu ce ta banza ba. Daga cikin masana, Malam Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa wannan rubutu suna Adabin Kasuwar Kano, yana ganin yawancinsa garaje ne, ba shi da zurfi, ba zai jima ba. Malam Abdalla Uba Adamu ya tsaya masa, yana cewa rubutun ya sa dubban matasa karatu da harshensu, kuma madubi ne na halin da jama'a ke ciki. Sun yi shekaru suna mai da wa juna a jaridu.

Iyaye da malaman zaure kuwa kukansu iri uku ne. Na fari, littattafan suna shagaltar da 'yan mata daga karatu da aikin gida, kuma da yawa kwaikwayon majigin Indiya ne. Na biyu, suna sa yarinya ta ɗaga kai ga iyayenta a kan zaɓin miji. Na uku, wanda ya fi shafar Hajiya Balaraba, shi ne tonon asiri: wai ta ɗaga labulen ɗakin aure ta nuna wa duniya, ta zana alhaji da mai sarauta da uba a siffar azzalumai, har yarinya za ta shiga gidan miji da mugun zato. Su kan ce abin da ya faru tsakanin miji da mata sai Allah, kuma Musulmi an umurce shi da suturta ɗan'uwansa. Wannan fushi ya kai matuƙa a 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, sa'ad da aka tara littattafan hira da aka karɓe daga hannun ɗalibai a wata makarantar 'yan mata aka cinna musu wuta a gaban jama'a, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, Hukumar Tace Finafinai ta Kano kuma ta matsa wa marubuta su yi rajista.

Gaskiya ne a cikin tarin littattafan nan akwai na shirme, akwai masu batsa, kuma ba kowane miji ne Alhaji Abdu ba. Akwai matan da su ne masu cutar, akwai kishiyoyin da suka yi wa juna abin da namiji bai yi ba. Delu ma mace ce. Uban da ya duba abin da 'yarsa ke karantawa bai yi laifi ba.

Hujjar mata masu karatu

Amma mafi yawan waɗanda suka sayi littafin mata ne, su kuwa ba ta wannan fuska suka dube shi ba. Abin da a kan ji daga bakinsu shi ne kowace ta san wata Rabi: ko uwarta, ko yayarta, ko matar maƙwabci, ko ita kanta. Ba su ga an tona asirin kowa ba, don ba a ambaci sunan wani mai rai ba. Abin da suka gani shi ne an sami bakin faɗar abin da kowa ya sani ba wanda ke furtawa. Macen da ba ta iya ce wa ƙawarta mijina ya mare ni jiya, tana iya miƙa mata littafi ta ce ki karanta ki ga halin Rabi, ƙawar kuwa ta gane. Sau da yawa hirar da aka fara a kan Rabi ta kan ƙare a kan mai ba da aron littafin.

Wannan hali ba na ƙasar Hausa kaɗai ba ne. A Senegal, a 1979, wata malamar makaranta, Mariyama Ba, ta rubuta labari da Faransanci a siffar doguwar wasiƙa daga wata mai takaba zuwa ga aminiyarta, tana zayyana mata yadda mijinta ya yashe ta da 'ya'ya bayan ya yi amarya. A can ma an rabu biyu, kuma a can ma ƙawa ce ma'ajiyar asiri.

Akwai ƙidaya da ke ƙarfafa maganar matan. A binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018, an sami kashi 31 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu ko ji musu ciwo tun daga shekara 15, kuma fiye da rabin waɗanda abin ya sama ba su taɓa neman taimako ba. Waɗanda suka nema kuwa, galibinsu gidan iyayensu suka nufa. Ashe ke nan ƙofar fari da mai kuka ke bugawa ita ce ƙofar uwarta.

Uwa da kalmar haƙuri

A nan ne gardamar ta fi ciwo, domin littattafan sun taɓa iyaye mata. Kowa ya san huɗubar da a ke yi wa amarya ranar kai ta: yi na yi, bari na bari, ki rufa asirin mijinki, aure ibada ne, mahaƙurci mawadaci. In ta yi yaji ta zo gida da kumburin fuska, sau da yawa uwa ce ke fara cewa ta koma kafin maƙwabta su gani. Matasa masu karatu su kan ɗora wa uwa laifi a kan wannan. Tsofaffi kuwa su kan ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Uwar da ta ce a koma ta san abin da ke jiran bazawara mai goyo a gidan da hatsin bana bai kai rani ba. Ta san gorin kishiyoyinta. Ta san in magana ta fita ƙannen yarinyar za su rasa manema. Kuma ita ma da haƙurin ta zauna har ta ga jikoki. Ba ƙiyayya ke sa ta ba, tsoro ne da talauci da abin da ta gada.

Sai dai haƙuri iri biyu ne. Akwai haƙuri da rashi da ciwo da halin ɗan Adam, wannan ado ne ga mace da namiji duka, kuma ba gidan da ke tsayawa sai da shi. Akwai kuma shiru a kan zalunci, wanda ke ƙara wa azzalumi ƙarfin hali, har ranar da za a ɗauko yarinya da karaya ko ɓarin ciki. Kalma ɗaya a ke kiran su da ita, shi ya sa a ke rikita su.

Abin da ke cikin littattafan malamai

Malamin da ya sauke Risala da Askari ya shiga Muhtasar ya san mas'alar nan ba baƙuwa ba ce. Asirin da Shari'a ta tsananta a kansa shi ne na shimfiɗa: ya zo a Sahihu Muslim cewa mai watsa shi yana cikin mafi sharrin mutane ranar Alƙiyama. Haka kuma rufa talaucin miji da aibinsa da bai cuci kowa ba kyakkyawan hali ne. Amma zalunci hukuncinsa dabam. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana bayyana mummunar magana, ita da kanta ta togace wanda aka zalunta. Imamu Nawawi a Riyadus Salihina ya lissafta wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, a cikinsu akwai kai ƙara, da neman fatawa, da gargaɗin Musulmi.

Misalan kuwa daga zamanin Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Hindu 'yar Utba ta kai kukan rowar Abu Sufyanu, ba a ce ta tona asiri ba, aka ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon al'ada. Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta yi shawara a kan masu neman aurenta, aka gaya mata a fili cewa Abu Jahmi ba ya sauke sanda, aka nuna mata Usamatu. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito Habibatu 'yar Sahlu ta tsaya a ƙofar Annabi tun da duhun asuba a kan zamanta da Sabitu ɗan Ƙaisu, aka raba su da hul'i. Haulatu 'yar Sa'alaba ta kai kukan mijinta har sura ta sauka a kanta, ita ce Mujadala. Nana A'isha kuma ta shaida Annabi bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba.

Masu kafa hujja da aya ta 34 a Nisa'i su kan manta da sharuɗɗan da fuƙaha'u suka gindaya. A mazhabar Malik sai bayan wa'azi da ƙaurace wa shimfiɗa, sai kuma in yana zaton zai yi amfani, kuma ba a yarda da wanda ke ji ciwo ko barin tabo ba ko da ya san shi kaɗai zai yi magani. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa da asawaki ne da makamancinsa, Aɗa'u kuwa ya zaɓi a bari ɗungum. Shaihu Ɗahiru Ibnu Ashur na Tunis, wanda ya rasu a 1973, ya bayyana a tafsirinsa cewa in mahukunta suka ga maza suna ƙetare iyaka, suna da ikon hana su da hukunta mai yi. Mari a fuska, da bulalar waya, da shuri, da zagin iyaye, ba malamin da ya halatta su.

Shaihu Halilu a Muhtasar ya tabbatar wa mace haƙƙin a sake ta saboda cuta bayyananna, ko da shaidu ba su ce an maimaita ba. In ta yi ta kawo ƙara ba shaida, alƙali ya zaunar da su tsakanin mutanen kirki da za su sa ido. In abin ya rikice, a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, bisa aya ta 35. Game da ciyarwa, in miji ya gaza ko ya ƙi, alƙali ya ba shi wa'adi, in ya cika a raba. Risala kuma ta ɗora wa uba ciyar da 'ya'yansa maza har su balaga, mata har su tare a gidan miji, ta bar renonsu a hannun uwa bayan saki. To, wanda ya auna Alhaji Abdu da wannan ma'auni zai ga marubuciyar ba ta ƙaga masa laifi ba. Laifuffukansa duk suna da babi a cikin littafin da a ke biyawa a zaure. Ga ɗan kasuwa kuma akwai abin lura: nafaƙa bashi ce, ba kyauta ba, kuma mai sakin hannu a rumfa yana ƙulle shi a gida bai tsira ba.

Matsayin ƙawa da maƙwabta

Akwai wata mas'ala da ta dace da wannan gardama ƙwarai. Duka a cikin ɗaki a ke yin sa, ba a kiran adilai biyu su tsaya kallo. Saboda haka malaman Malikiyya, kamar yadda Ibnu Asim ya kawo a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna aiki da shi, suka ce cuta tana tabbata da shaidu, tana kuma tabbata da ji wanda ya watsu, watau maganar ta zama sananniya a bakin maƙwabta da mata da masu shiga gidan. Ma'anar wannan ita ce, kukan da maƙwabciya ta ji ta kan katanga, da tabon da ƙawa ta gani sa'ad da ta zo kitso, su ne tushen hujjar da za ta ceci wadda aka cuta. In uwa ta ce kada kowa ya ji, ƙawa ta rantse ba za ta faɗa ba, maƙwabta suka ce ba ruwansu, to, an rushe hujjar tun ba a je gaban alƙali ba, sa'an nan a ce mata ina shaidarki.

Ba a ce ƙawa ta ɗauki zancen ta kai gidan biki ba. Wannan annamimanci ne, kuma ya kashe aure da yawa. Abin da a ke nufi shi ne a kai magana inda za a iya gyara ta: ga waliyyi, ga limamin unguwa, ga mai unguwa ko dagaci, in ta ƙi a kai ga alƙali. Amanar ƙawa ita ce ta rufe abin da rufe shi ke amfanin ƙawarta, ta kuma raka ta wurin manya a kan abin da rufe shi zai halaka ta.

Komen Rabi

Ƙarshen littafin shi ne inda masu karatu suka fi rabuwa, har a cikin mata. Waɗansu sun ji haushi, suna cewa bayan duk wahalar nan, ta tsaya da ƙafarta, don me za a mai da ta ga wanda ya kore ta, sai da ya tsiyace ya tuna da ita. Waɗansu sun ce daidai ne, domin uban 'ya'yanta ne, kuma ta koma tana mai riƙe da gidan, shi ne ke ƙarƙashin inuwarta, alhaki ya riga ya bi ubangidansa. Waɗansu kuma sun lura cewa marubuciyar ba ta ce haka ya kamata ba, ta nuna ne yadda a kan yi: maza su taru su yanke, a kira mace a gaya mata. A Shari'a kuwa, in idda ta cika, kome sabon aure ne, da sabon sadaki, kuma bazawara ba a ɗaura mata sai da yardarta a furuce. Sulhu alheri ne, amma masu biko su kan manta da tambayar abin da za a ɗora wa mijin na sharaɗi don kada a koma gidan jiya.

Rabon mutanen ƙasar Auyo

Dokokin ƙasa ma sun motsa. Dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta zo da sashe na 55 da ya ɗauke laifi daga mijin da ya hori matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba, an kuwa daɗe ana kuka da shi. A 2015 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar hana cin zarafin mutane, a 2021 Gwamna Muhammadu Badaru Abubakar ya sa hannu a kan irinta ta Jihar Jigawa. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya tayar da maganar tsara dokar iyali bisa mazhabar Malik, yana mai tsananta suka ga masu dukan mata. Amma doka tana Dutse, kuka yana cikin ɗaki, tsakaninsu kuwa ba mai sada su sai malamin gari da iyaye da maƙwabta.

Mutanen Auyo sun fi kowa sanin halin ruwa. Sun ga yadda kacala ta toshe hanyoyin kogi shekara da shekaru tun bayan da aka gina madatsun Tiga da Calawa, kuma sun ga abin da ambaliya ta yi wa gidaje da gonakin shinkafa a 2018 da 2020. Wanda ya ga jinga tana yoyo da dare ya yi shiru don kada a ce gefensa ne ya ɓalle, ba a kiransa mai rufin asiri. Da safe gari duka ke biya. Haka gidan da a ke duka: yaran da suka tashi suna gani, namiji ya ɗauka haka a ke riƙon mace, mace ta ɗauka haka a ke zaman aure.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albabi ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata har ta rasu a 1864. Da matan karkara sun san babin nafaƙa da babin cuta da babin reno kamar yadda suka san farillan alwala, da ba su jira littafin hira ya gaya musu an zalunce su ba. Malami yana da zarafin da marubuci ba shi da shi: huɗubar Juma'a, da tafsirin azumi, da wurin ɗaurin aure inda a kan yi wa amarya nasiha a manta da ango. Falke kuma, wanda ya kan ɗauko littafin a cikin kayansa bai buɗe ba, ba laifi ya sa a karanta masa shi sau ɗaya, sa'an nan ya lissafta abin da ya bari a gida da safe kafin ya fita kasuwa.

Allah Ya ba ma'aurata zaman lafiya, Ya ba iyaye mata basirar rarrabe haƙuri da shiru a kan cuta, Ya kiyaye ƙasar Haɗejiya daga ambaliya da fitina. Amin. Wassalamu.